Su Wa Ne Masu Gidan? Magoya Bayan Kano Pillars na Kudancin Kano da Batun Mallaka da Kuɗin Ƙungiyarsu

Gabatarwa

Kirarin da aka fi sanin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars da shi kalmomi uku ne kacal: "Sai Masu Gida". Ana jin sa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ana ganin sa a rubuce a bayan motocin haya da Adaidaita Sahu, ana kuma jin sa a bakin samarin garuruwan da ke da nisan tafiyar sa'o'i daga birnin Kano, irin su Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaƙi da Tiga da Riruwai. A ma'anarsa ta fili, kirarin yana nuni ne da ƙungiyar da ba a cin ta a gidanta, wadda baƙo ke shigo mata da fargaba. Amma a Hausa kalmar "mai gida" ta fi haka nauyi. Mai gida shi ne wanda ya mallaki gidan, shi ke ciyarwa, shi ke yanke hukunci, shi ne kuma yake ɗaukar asara idan katanga ta faɗi. Duk wanda ya yi wa kirarin kallon tsanaki zai tarar da tambaya a cikinsa: a wannan gida, wane ne ya mallaka, wane ne ke ciyarwa, wane ne kuma ake yi wa bayanin abin da aka kashe?

Wannan maƙala ta ɗauki tambayar daga inda ba a saba ɗaukarta ba, wato daga yankin Ɗansoshiya da ƙananan hukumomin da ke kewaye da shi: Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Matsayinta shi ne, manomin masara na Doguwa da ɗan kasuwar shinkafa na Tudun Wada suna cikin waɗanda suka mallaki Kano Pillars a haƙiƙa, domin da dukiyar jiharsu ake tafiyar da ita, amma al'adar kallon mai mulki a matsayin ubangida ta sa ana yi musu kallon 'yan kallo, su ma kuma sau da yawa haka suke kallon kansu. Muddin ba a sauya wannan kallo daga na kyauta zuwa na amana da hisabi ba, sauyin shugabanni ko sayar da ƙungiyar ba zai warkar da ciwon ba.

Yadda Gwamnati ta Zama Uwa da Uba

An kafa Kano Pillars a shekarar 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Nijeriya. An samar da ita ne ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, kuma sunan Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, shi ne ya fi fitowa a tarihin kafuwarta. Tun daga asali ke nan akwai hannun hukuma a cikinta, domin WRECA hukumar samar da ruwa ce ta jihar Kano. Kafin wannan lokaci Kano ta riga ta ɗanɗana ɗaukaka, domin Raccah Rovers ta lashe gasar ƙasa a 1978.

Ƙungiyar ta lashe gasar firimiya ta Nijeriya sau huɗu: a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2022 ta faɗa gasa ta biyu, wadda masu sharhin wasanni na Kano ke kira gasar 'yan dagaji, sannan ta dawo a 2023.

Abin lura ga mai nazarin al'ada shi ne yadda magoya baya ke lissafa waɗannan shekaru. Ba kasafai suke ambaton lambar shekara ba. Sukan ce an ci kofin farko a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an ci uku a jere a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, an ɗauki kofin ƙalubale an kuma faɗi a zamanin Abdullahi Umar Ganduje, an dawo a farkon zamanin Abba Kabir Yusuf. Wannan shi ne salon da Bahaushe ya gada wajen ba da tarihin sarakuna, inda damina mai albarka da fari da yaƙi duk ake jingina su ga wanda ke kan karaga. Salon yana da tushe a zahiri, domin gwamna ne ke naɗa hukumar gudanarwar ƙungiyar, shi ne kuma ke rushe ta. Naɗin da aka yi wa Ahmed Musa na babban manaja a 2025, duk da farin jinin da ya samu, ta wannan ƙofar ya biyo. Ba Kano kaɗai ke haka ba. Mafi yawan ƙungiyoyin gasar firimiya ta Nijeriya na gwamnatocin jihohi ne, tun daga Katsina United da El-Kanemi Warriors har zuwa Enyimba da Rangers.

Ra'ayoyi Uku da Ake Ji

A garuruwan kudancin Kano, wuraren da ake tattauna ƙwallo sanannu ne: gidan kallo, teburin mai shayi, majalisar bakin kasuwa, da shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyo waɗanda ake buga musu waya. Ra'ayoyin da ke yawo a waɗannan wurare game da mallakar ƙungiyar ana iya karkasa su gida uku.

Na farko shi ne ra'ayin masu cewa gwamnati ta ƙara sakin hannu. A ganinsu, duk lokacin da ƙungiya ta yi rauni, rowa ce ta jawo: ba a sayo 'yan wasa masu tsada ba, ba a biya alawus a kan kari ba, ba a sayi sabuwar mota ba. Gwamna nagari a wurinsu shi ne mai zuwa fili ya yi alƙawarin kuɗi ko fuloti idan an ci wasa. Idan kuɗin bai iso ba, ba safai suke ɗora laifin a kan gwamna ba; sukan ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Masu wannan ra'ayi su suka fi yawa, su ne kuma suka fi ƙaunar ƙungiyar a bayyane.

Na biyu shi ne ra'ayin masu ganin cewa kuɗin bai kamata ya tafi can ba tun farko. Wannan murya ta fi ƙarfi a karkara fiye da birni, kuma tana da hujja. Mutumin da ke zaune a gefen dajin Falgore, wanda hanyar garinsu ke yankewa da damina, ko makiyayin da aka yi wa matsuguni a dajin Ɗansoshiya a 2020 yana jiran ruwa da makaranta da asibitin dabbobi, yana da damar tambayar dalilin da zai sa a riƙa biyan albashin 'yan ƙwallon da bai taɓa gani ido da ido ba. Filin Sani Abacha na ɗaukar mutum kusan 16,000 ne, a jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 da miliyoyin jama'a. Saurayin Riruwai da ke son ganin wasa sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya sayi tikiti, ya kuma nemi wurin kwana ko ya bi hanyar daji da dare. Don haka mafi yawansu ta rediyo da waya suke bin ƙungiyar.

Na uku shi ne ra'ayin matasan da suka koyi maganar mallaka daga ƙwallon Turai. A gidan kallo sun ga magoya bayan Manchester United sun shafe shekaru suna adawa da iyalan Glazer, waɗanda suka sayi ƙungiyar a 2005 da bashi suka kuma jibga mata bashin. Sun ga yadda fushin magoya baya ya rusa shirin gasar Super League cikin kwanaki kaɗan a watan Afrilun 2021, da yadda zanga-zanga ta hana buga wasan Manchester United da Liverpool a ranar 2 ga Mayun wannan shekara. Matashin da zai iya faɗin kuɗin da Chelsea ko Arsenal ta kashe a kasuwar 'yan wasa, da albashin kowane ɗan wasa a mako, idan aka tambaye shi nawa aka ware wa Pillars a kasafin bana, ko nawa ta tara a ƙofa a kakar bara, sai ya yi shiru. Masu wannan ra'ayi sukan ƙare da cewa a sayar da ƙungiyar ga attajiri kowa ya huta.

Ra'ayoyin uku sun sha bamban, amma sun haɗu a wuri guda: babu ko ɗaya a cikinsu da ya ginu a kan alƙaluman da aka gani. Mai cewa a ƙara bai san nawa ake bayarwa ba, mai cewa a rage bai san nawa zai ragu ba, mai cewa a sayar bai san darajar abin da zai sayar ba.

Ubangida da Baransa

Tushen wannan duhu ba a ƙwallon ƙafa ya faro ba. Manazarta zamantakewar Hausawa, ciki har da M. G. Smith a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 kan roƙo da barantaka, sun daɗe da nuna cewa dangantakar ubangida da bara ginshiƙi ce a tsarin sarauta da kasuwanci da sana'o'in nishaɗi. Makaɗin fada yana da sarkinsa, ɗan dambe da ɗan kokawa suna da iyayen gidansu. Haƙƙin ubangida shi ne yabo da biyayya, haƙƙin bara kuma shi ne riga da doki da hatsi. A cikin wannan dangantaka babu gurbin tambayar lissafi. Wanda aka yi wa kyauta godiya yake yi. Idan ya tambayi daga ina kuɗin ya fito, ko nawa ya rage, ya yi rashin kunya.

Da ƙwallon ƙafa ya zama abin so na jama'a, sai aka zuba shi a cikin wannan tsohon mazubi. Gwamna ya zama ubangida, shugaban ƙungiya ya zama bafade, 'yan wasa suka zama barori, shugabannin magoya baya kuma suka ɗauki matsayin maroƙa da 'yan ma'abba. Kalmomin da ake amfani da su a kafafen yaɗa labarai suna tabbatar da haka. Akan ce gwamna ya "gwangwaje" 'yan wasa, ya "yi musu sha-tara ta arziki", ya "share musu hawaye". Albashin da yake haƙƙi ne na kwantiragi, idan aka biya bayan jinkiri, sai a ba da labarinsa da lafazin kyauta. Kuɗin da ya fito daga baitulmali sai a yi maganarsa kamar daga aljihun mutum ɗaya ya fito.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin dandalin dambe da filin ƙwallo. A dandalin dambe, attajirin da ya yi kari daga aljihunsa ya yi, a gaban jama'a ya yi, mai shela kuma ya faɗi adadin kowa ya ji. Kuɗin nasa ne, kuma a sarari yake. A ƙwallon gwamnati kuwa an riƙe lafazin kyautar, alhali kuɗin na jama'a ne kuma a rufe yake. An ɗauki ladabin da ya dace da kyautar mutum an ɗora shi a kan dukiyar al'umma.

Wannan ruɗani ba dole ba ne, domin tunanin Hausawa ya san bambancin tun da daɗewa. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi rubutu mai yawa kan cewa dukiyar baitulmali amana ce a hannun shugaba, kuma a Kano ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam domin jagorantar masu mulki. A farkon ƙarni na 20 aka kafa baitulmalin En'e, aka fara daga Katsina, aka yanka wa sarakuna da hakimai albashi, aka raba kuɗin sarki da kuɗin ƙasa a rubuce. A ƙasa-ƙasa ma haka abin yake. Kowace ƙungiyar unguwa, ko ta manoma, ko ta 'yan kasuwa a Ƙiru ko Bebeji tana da ma'aji da magatakarda, kuma a taron wata ma'aji kan miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Uwar adashi da ta kasa bayanin zubi ba ta sake riƙe adashi a garin. Hatta kulob ɗin ƙauye, wanda samari ke yin karo-karo su sayi ƙwallo da riguna su ɗauki hayar mota zuwa wasa a garin maƙwabta, yana da littafinsa, kuma ana yin faɗa a kan naira ɗari idan ta yi ɓatan dabo. Ashe mutanen karkara sun fi kowa sanin yadda ake mallakar ƙungiya a tare. Abin da ya rage shi ne su yi wa babbar ƙungiyar irin tambayar da suke yi wa ƙaramar.

Kuɗin da Ba a Gani da Tarar da Kowa ke Biya

Hanyoyin samun kuɗin ƙungiya irin Pillars ba su da wuyar lissafawa: kason gwamnati, kuɗin ƙofa, tallan kamfanoni a jikin riga da allunan fili, rabon da hukumar gasa ke bayarwa, kyautar cin gasa, da cinikin 'yan wasa. Kyautar zakaran gasar firimiya ta tashi daga naira miliyan 100 a 2023 zuwa miliyan 150 a 2024, sannan miliyan 200 a 2025. Duk wanda ya san abin da ake kashewa wajen ɗaukar tawaga daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal ko Uyo sau da yawa a kaka guda, ga masauki ga abinci ga albashi, ya san cewa ko kofin aka ci, kyautar ba ta isa ta riƙe ƙungiya ba. Kason gwamnati shi ne ƙashin baya. Wannan gaskiya ce da masu cewa gwamnati ta janye hannu gaba ɗaya ya kamata su fuskanta.

Cinikin 'yan wasa shi ne ɓangaren da zargi ya fi yawa a kansa, shi ne kuma aka fi jahilta. Misalin Ahmed Musa ya isa darasi. Ya ci ƙwallo 18 wa Pillars a kakar 2009/2010, abin da ya zama tarihi a lokacin, sannan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010. Mai goyon baya zai ɗauka cewa dukkan kuɗin cinikin asusun Pillars ya shiga, alhali ɗan wasan aro ne daga makarantar horar da 'yan wasa ta GBS. Irin wannan tsari ya zama ruwan dare a ƙwallon Nijeriya. Dokokin FIFA kuma sun tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin za a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan kaso yana iya kaiwa har ga ƙaramin kulob na Tudun Wada, idan yana da rajista kuma an rubuta sunan yaron a kundin hukuma. Inda babu rubutu, haƙƙin yakan salwanta, inda kuma babu bayani, zato ne ke cike gurbi. Shugaban da ya yi aiki da gaskiya da wanda ya ci amana duk baki ɗaya ake yi musu, domin babu takardar da za ta raba su.

Akwai kuma kuɗin da magoya baya da kansu ke jawo wa ƙungiyar asararsa. A watan Yunin 2019 an ci Pillars tarar naira miliyan 8 bayan hargitsin da ya biyo wasanta da Rangers a Legas. A watan Afrilun 2022 an ci ta tarar miliyan 9 tare da zabge mata maki uku, bayan an farfasa motar Katsina United a Kano, aka kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen wannan kaka ta faɗi. A watan Oktoban 2025, bayan wasa da Shooting Stars, an ci ta tarar miliyan 9.5, aka zabge maki uku da ƙwallo uku, aka mayar da ita Katsina. Tarar ma ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce kuɗin ƙofa da aka rasa, da kuɗin ɗaukar tawaga zuwa wasan da sunansa na gida amma a garin wasu, da kamfanonin da ke ja da baya daga talla. Duk wannan a ƙarshe baitulmali ne ke ɗauka. Ma'ana, matar da ke sayar da ƙosai a Dadin Kowa, wadda ba ta san ranar wasan ba, tana cikin masu biyan kuɗin dutsen da wani ya jefa a Ƙofar Mata. Mai jifan kuwa ya yi ne da tunanin cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Da ya san cewa gilashin da ya fasa nasa ne, da ya duba hannunsa kafin ya ɗaga. Haka nan mai tsallake katanga ko mai shiga fili da alfarma ba tare da tikiti ba, sannan ya fito yana zargin shugabanni da cin kuɗin ƙofa.

Ko Sayarwa ce Mafita?

Masu kiran a sayar suna da misalai masu jan hankali. Remo Stars ta Ikenne, wadda Kunle Soname ya mallaka, ta gina filinta da makarantarta, ta kuma lashe gasar firimiya a 2025. A Kano ma Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, ta hau gasar firimiya a 2025, abin da ya ba jihar ƙungiyoyi biyu a babbar gasa, ɗaya ta gwamnati ɗaya ta mutum guda. Sai dai tarihin ƙwallon Nijeriya cike yake da kaburburan ƙungiyoyin attajirai. Leventis United da Abiola Babes sun girgiza ƙasar a shekarun 1980, suka kuma watse da masu su suka janye hannu. Iwuanyanwu Nationale ta koma hannun gwamnatin Imo a 2006 aka sauya mata suna zuwa Heartland. A Ingila ma, an kori Bury daga gasa a 2019 bayan fiye da shekara ɗari tana ciki, saboda halin da masu ita suka jefa ta, kuma irin wannan ne ya sa majalisar ƙasar ta yi dokar kafa hukumar sa ido mai zaman kanta a 2025. Sayar da Pillars ga attajiri ɗaya sauya ubangida ne kawai, kuma sabon ba ya zuwa neman ƙuri'a bayan shekara huɗu, ba ya kuma zuwa gaban majalisar dokoki kare kasafi.

Akwai hanya ta uku wadda ta fi kusa da abin da mutanen karkara suka riga suka sani. A Jamus, tun 1998 dokar da ake kira 50+1 ta tanadi cewa, in ban da ƙungiyoyi ƙalilan, mambobi ne ke riƙe rinjayen ƙuri'a ko da an shigo da masu zuba jari. Real Madrid da Barcelona mambobinsu ne ke zaɓen shugaba. A Afirka ma, Al Ahly, wadda Pillars ta fitar a 2009, mambobinta ke zaɓen shugabanninta, kuma a Tanzaniya an tsara Simba a kan cewa mambobi su riƙe kashi 51, mai zuba jari ya riƙe 49. Waɗannan tsare-tsare ba su da tsarki. Bashin da ya yi wa Barcelona katutu ya nuna cewa mambobi ma suna iya zaɓen mai almubazzaranci. Fa'idarsu ita ce idan an yi kuskure akwai taron da za a tsaya a yi bayani, akwai kuma ranar da za a iya sauke mutum.

Abin da ya Kamata a Yi

Mataki na farko ba ya buƙatar sabuwar doka ko sabon kuɗi. A ƙarshen kowace kaka hukumar ƙungiyar ta fitar da lissafinta wanda odita ya tantance: abin da gwamnati ta bayar, abin da aka tara a ƙofa wasa bayan wasa, tallan da aka samu, 'yan wasan da aka saya da waɗanda aka sayar da farashinsu, bashin da ake bin ta da wanda take bi. Ƙa'idojin ba da lasisi na hukumar ƙwallon Afirka sun riga sun buƙaci ƙungiyoyi su tanadi irin waɗannan takardu, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta kafa ƙa'idar cewa jama'a na da haƙƙin sanin yadda ake kashe dukiyarsu. Abin da ya rage shi ne a fito da takardun daga durowa. A fassara su da Hausa, a karanta su a rediyo, domin lissafin da aka buga da Turanci aka ajiye a intanet bai isa Doguwa ba. A nan akwai aiki ga sassan nazarin Hausa na jami'o'i: daidaita kalmomin lissafin kuɗi da na mallaka, ta yadda "kadara" da "hannun jari" da "giɓi" da "kuɗin reno" za su zama kalmomin da mai sauraro ke fahimta ba tare da an karkatar da su zuwa lafazin kyauta ba.

Mataki na biyu shi ne rajistar mambobi ta gaskiya, da kati da ɗan kuɗin shekara da talaka zai iya biya, da rassa a dukkan ƙananan hukumomi 44. Mambobin su zaɓi wakilai a hukumar gudanarwa, a kuma ware kujeru ga kowace shiyya, domin kada wakilcin ya tsaya a cikin ganuwa. Hukumar ta kasance da wa'adi a rubuce wanda ba ya ƙarewa ranar da gwamnati ta sauya. 'Yan majalisar jiha da ke wakiltar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna da ikon neman wannan a lokacin kare kasafi, domin da hannunsu ake amincewa da kuɗin.

Mataki na uku shi ne ƙungiyar ta biya karkara wani abu daga abin da take karɓa. Wasannin sada zumunta kafin fara kaka a Tudun Wada ko Bebeji, zagayen neman yara masu hazaƙa a makarantu, taimaka wa ƙananan kulob-kulob su yi rajista domin su ci gajiyar kason reno, duk abubuwa ne da ƙungiyar za ta iya yi. Wannan ya fi gasar cin kofin da 'yan siyasa ke sa wa sunayensu gab da zaɓe, wadda ke ɓacewa da zarar an ƙirga ƙuri'u.

Kammalawa

Gwamnati na da hujjar riƙe Kano Pillars. Ƙungiyar na cikin abubuwa ƙalilan da ke haɗa ɗan Kwankwasiyya da ɗan Gandujiyya a benci ɗaya, tana ba matasa sana'a, tana kuma ɗaga sunan jihar. Amma riƙon amana ne, kuma amana da bayani take tafiya. Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka hana shiga ɗakin kuwa ba zai san inda zai liƙe ba, sai dai ya tsaya a waje yana zargi ko yana jifa. Magoya bayan kudancin Kano sun daɗe suna biyan kuɗin gidan, suna kuma rera kirarinsa daga nesa. Haƙƙinsu ne a karanta musu littafin ma'aji sau ɗaya a shekara, kamar yadda suke karanta wa junansu a ƙungiyoyin garuruwansu, kuma nauyi ne a kansu su fara neman a karanta.